Na gaji Peugeot 504, ina son koyon waldar MIG in gyara jikinta da kaina: ta ina zan fara?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya. Ya gaji Peugeot 504 ta mahaifinsa, injinta lafiya lau, amma tsatsa ta cinye daɓenta ta wajen ƙafar direba, ta ci ƙasan but da gindin ƙofofi biyu. Bai taɓa riƙe abin walda ba. An ce masa MIG ta fi sauƙin koyo, ya kuma ga ƙananan injuna masu araha waɗanda aka ce ba sa buƙatar gas. Yana son sanin injin da zai saya, yadda zai koya, da lokacin da ya kamata ya sa hannu a motar.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa ka ci moriyar abin da ya bari. Wanda ya ce maka MIG ta fi sauƙin koyo bai yi ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa zancen ba. A kan ƙarfe mai kauri, irin na ƙofar gida ko ƙafar tankin ruwa, mutum na iya wuni ɗaya ya ja layin walda da za a duba a ce ba laifi. Jikin mota sha'aninsa daban. Kaurin bodin mota irin taka a yawancin wurare milimita 0.8 ne zuwa 1, sai wuraren ɗaukar nauyi ne suke ɗara haka. A kan ƙarfe mai wannan siranta, tsakanin "bai kama ba" da "ya ɓule" ƙiftawar ido ne. Don haka karatun da ke gabanka na sarrafa zafi ne, da na shirya ƙarfe kafin wuta ta taɓa shi. Riƙon bindigar, wato bakin injin da ake riƙewa a hannu a yi waldar, shi ne ƙaramin aiki.

Ka fara fahimtar abin da injin yake yi. Akwai naɗin siririyar waya a cikinsa, 'yan tayoyi biyu na tura ta ta cikin tiyo har bakin bindiga. Da ka danna kunama, waya za ta fito, wuta ta biyo ta, gas ya feso ya lulluɓe wurin. Wayar ta taɓa ƙarfe ta narke, ta sake taɓawa ta sake narkewa, sau gommai cikin daƙiƙa ɗaya. Gas ɗin ba ya cin wuta, ba shi ke narka ƙarfen ba kamar na masu kabaid. Aikinsa ya kori iska daga kan narkakken ƙarfe, domin in iska ta shiga, waldar za ta fito da ƙananan ramuka, ta kasance ba ƙwari.

Wannan ya kawo mu kan injin da aka ce ba ya son gas. Kada ka saye shi don wannan aiki. Wayarsa rami gare ta, an cusa mata gari a ciki, garin ne ke ƙonewa ya ba da hayaƙin da ke kare waldar. Tana da amfaninta: a waje cikin iska, a kan ƙarfe mai milimita 2 zuwa sama, tana aiki sosai. Amma mafi siranta da ake samu a kasuwa ita ce mai milimita 0.8, zafinta ya yi wa bodi yawa, tartsatsinta ba kaɗan ba, kuma kowane ɗigo sai ya bar ɓawo a kansa. Za ka ga nan gaba cewa waldar bodi ɗigo ne a kan ɗigo har ɗaruruwa. In kowanne sai ka tsaya ka kankare ɓawonsa kafin ka ɗora na gaba, ranka zai ɓaci, kuma wanda ka manta ba ka kankare ba zai maƙale a cikin ɗinkin ya zama mafarin tsatsa. Akwai gwanayen da ke iya bodi da ita don dole. Kai ba gwani ba ne tukuna, kada ka ƙara wa kanka wahala.

Wayar da kake so ita ce mara rami, mai lamba ER70S-6, kauri 0.6. In ba ka samu ba 0.8 za ta yi, sai dai ta fi saurin hudawa. Gas kuwa, mafi daɗin aiki shi ne argon da aka gauraya da CO2, kashi 75 zuwa 80 argon, sauran CO2. Wutarsa a natse take, tartsatsi kaɗan. In tsada ko rashin samu ya hana, CO2 zalla ma yana yi. Asali a Amurka aka ƙirƙiro wannan walda a 1948, da gas mai tsada, don alminiyam, sai a 1953 masana a Tarayyar Sobiyet suka nuna cewa CO2 zai wadatar a kan baƙin ƙarfe, shi ya sa ta sauko inda ƙaramin mai sana'a zai iya. CO2 zalla ya fi cin ƙarfe, ya fi tartsatsi, amma motoci da yawa da shi aka gyara su. Argon zalla kuma ba na baƙin ƙarfe ba ne, waldar za ta tsaya tsiri ba ta baje ba. Ga kashedi biyu. Kada wani ya ba ka tukunyar oksijin ta masu kabaid ya ce duk gas gas ne. Sannan tukunyar kashe gobara mai CO2, da wasu ke dabarar amfani da ita, tana da bututu a ciki har gindi wanda ke zuƙo ruwan gas ɗin. In ka ɗaura mata regileta a tsaye, ruwan zai hau ya daskarar da shi. Ka nemi tukunyar da aka yi don walda, da regileta mai nuna lita nawa ke fita a minti ɗaya. Lita 8 zuwa 10 ta isa a cikin ɗaki. Ƙara buɗewa ba ya ƙara kariya, sai ma ya hautsina iska ya jawo ta ciki. Ka ɗaure tukunyar da sarƙa a jikin bango ko keken injin.

Wajen sayen inji, kowa lambar sama yake kallo, amp 200, amp 300. Kai ta ƙasa za ka duba. Lissafin da masu walda ke bi shi ne kusan amp 40 ga kowace milimita ɗaya ta ƙarfe, ke nan bodinka na son amp 30 zuwa 45. Injin da ba ya sauka zuwa 30 ba naka ba ne, komai girman lambar da aka rubuta a kwalinsa, kuma lambobin kan kwalin ƙananan injuna masu araha sau da yawa cika baki ne. Mai kaiwa 140 ko 160 ya ishe ka har wuraren ɗaukar nauyi. Ka tabbata yana da mashigar gas, yana da tayar tura waya mai layin 0.6, kuma ana iya juya wayoyin wutarsa, domin waya mara rami tana son bindiga a kan fosatif, mai gari kuma a kan nagatif. Injuna da yawa suna zuwa a haɗe irin na mai gari. Mutum ya sa waya mai kyau da gas mai kyau, abu ya ƙi, ya yi ta zagin inji, alhali wayoyi biyu kawai zai musanya. Kafin ka biya kuɗi ka tambayi mai shago ko yana da ɗan bakin jan ƙarfen da waya ke fitowa ta cikinsa, mai lamba 0.6. Shi ne ke saurin lalacewa a hannun ɗan koyo. Sayi goma ka ajiye.

Sai maganar wuta, wadda ba za mu tsallake ba. A takarda volt 230 ne, amma ka san yadda take zuwa. In ta yi ƙasa, saitin da ya yi maka kyau da safe zai ƙi da yamma, ka ɗauka hannunka ne. Ƙaramin janareton nan na fanka da talabijin ba zai ɗauka ba. Nemi mai kVA 5 zuwa sama, mai na'urar daidaita wuta, musamman in injinka na zamani ne mai infata, don hawa da saukar wuta na ƙona allonsa. In za ka ƙara waya, ta zama mai kauri 2.5, gajera, kuma a warware take ba a naɗe ba.

Kayan kariya ba zan ja su da tsawo ba, amma ba na sassauci a kansu. Hular walda mai duhunta da kanta, a lamba 10 ko 11, za ta rage maka rabin wahalar koyo, domin kana ganin inda bakin waya yake kafin ka danna. Baƙin tabarau da kake gani a fuskar masu walda a bakin titi ba kariya ba ne. Hasken walda na ƙona fatar ido, kuma ba nan take ake ji ba, sai cikin dare mutum ya farka yana hawaye ido ya ƙi buɗuwa. In ya same ka, asibiti za ka je, kada ka ɗiga abin da aka ce maka a gareji. Hasken na ƙona fatar hannu da wuya ma, don haka riga mai dogon hannu ta auduga, safar hannu ta fata, takalmi rufaffe. Yadin roba narkewa yake ya manne a jiki. In za ka kwanta ƙarƙashin mota ka toshe kunnuwanka, tartsatsi na faɗawa ciki.

Yanzu ka rufe motar da tamfol ka manta da ita. Je ka kasuwar tsofaffin kayan mota, Ƙofar Ruwa in a Kano kake, Panteka in a Kaduna, Katako in a Yamai, ka sayo mataccen bonet ko ƙofar da ba ta da sauran amfani, ka haɗa da guntayen ƙarfe mai milimita 2 ko 3. Da mai kaurin za ka fara, don kawai idonka ya koyi ganin ɗan tafkin narkakken ƙarfen da ke bin bakin waya. Sabon shiga hasken yake kallo. Ranar da ka daina kallon haske ka fara kallon tafkin, gefensa, faɗinsa, yadda yake jiƙa ƙarfen hagu da dama, ranar ka fara walda. Riƙe bindiga da hannu biyu, ka jingina gwiwar hannu ko tsintsiyarsa a kan wani abu, ka ɗan kwantar da ita kaɗan daga tsaye, kamar digiri 10 zuwa 15. Tsawon wayar da ta leƙo daga baki zuwa ƙarfe kada ya wuce milimita 6 zuwa 10. Kusan kowane ɗan koyo nesa yake ja da hannunsa don tsoron tartsatsi, daga nan gas ya kasa rufewa, wuta ta raunana, waldar ta zama gudaji-gudaji.

Maɓallai biyu ne a gabanka, na ƙarfin wuta da na gudun waya. Da waya 0.6 a kan ƙarfen milimita ɗaya, fara a wajen volt 16 da gudun mita 3 zuwa 4 a minti, ko abin da jadawalin cikin murfin injin ya nuna, sannan ka bar ɗaya ka riƙa murɗa ɗaya. Kunnenka ne zai gaya maka. In ya daidaita za ka ji ƙara mai ɗorewa ba yankewa, irin ta ƙosai da aka jefa cikin mai mai zafi. In waya na tokarin ƙarfe tana ture hannunka baya tana fas-fas, gudunta ya yi yawa ko wuta ta yi kaɗan. In tana narkewa tun kafin ta isa, ta dunƙule a baki har ta manne da shi, gudunta ya yi kaɗan. In kuma komai daidai ne amma wayar na fitowa da tsalle-tsalle, duba matsin tayoyin, duba ko tiyon bindiga ya naɗe, duba ko wayar ta yi tsatsa. Da damina, ka cire naɗin ka ɗaure a leda in za ka kwana biyu ba ka yi aiki ba.

Da ka sauko kan bonet ɗin, yanka shi gunduwa-gunduwa, ka goge fenti gaba da baya har ƙarfe ya yi fari tas, faɗin yatsa biyu daga inda za ka ɗinka. MIG ba ta yafe datti. Waldar sanda na iya ratsa 'yar tsatsa, wannan kuwa fenti, mai, tsatsa, ko kwaltar ƙarƙashin mota, kowanne zai sa ta tofi ta bar ramuka. Maƙalar da ke mayar da wuta cikin inji ma a kan farin ƙarfe za ka kama ta, kusa da wurin aiki.

Ga abin da ya fi komai muhimmanci, shi ya sa zan daɗe a kansa. Ƙarfe in ya yi zafi yana buɗewa, amma sanyayyen da ke kewaye da shi ba ya ba shi hanya, sai ya matse a kansa. Da ya huce sai ya tsuke, ya dawo ƙasa da yadda yake tun farko, ya jawo maƙwabtansa. Wannan jan shi ke sa faffaɗan ƙarfe ya loɓa ko ya kumbura, ka danna nan ya ɓullo can. In ka ja layi ɗaya mai tsawon taƙi a fatar ƙofa, ka gama da ƙofar, sai dai fila, wato ƙullin da ake shafawa a cike loɓa. Maganin shi ne kada ka taɓa jan layi. Haɗa bakin guntaye biyu su yi daidai, ba wanda ya hau wani, tazarar da ke tsakani kada ta wuce kaurin wayar, in ma ba tazara ya fi maka sauƙi. Ɗiga ɗaya a tsakiya: danna kunama, rabin daƙiƙa zuwa ɗaya, saki. Tsallaka can nesa ka ɗiga wani. Koma wani gefen. Haka har ka samu ɗigo kowane santimita 3 zuwa 5. Tsaya. Shafa da bayan hannu ka ji ko bakin biyu na nan daidai. In ɗaya ya ɗaga, yanzu ne lokacin ƙwanƙwasa shi ya koma, ba bayan ka rufe ba. Sannan ka shiga tsakanin ɗigo da ɗigo, kana tsallake-tsallake, kana jira har ka iya ɗora tafin hannu a wurin, har ɗigon su haɗu kowanne ya hau rabin ɗan'uwansa. Faci mai girman tafin hannu biyu na iya cin sa'a guda, galibinta jira. Kada ka watsa ruwa don ka yi sauri.

Mutane na zaton tunda ƙarfen siriri ne, sai a rage wuta can ƙasa. Ɗigo mai sanyi zama yake a sama tsiri, bai ratsa ba, kuma don ka sa ya kama sai ka daɗe a wurin, zafi ya bazu. Ɗigo mai ɗan zafi, gajere, shi ne ke kwanciya ya baje ya ratsa kafin zafin ya yi nisa. Juya guntun ka duba bayansa. Kowane ɗigo ya kamata ya leƙo ta baya, ɗan ƙaramin tudu, layin haɗin ya ɓace a wurin. In ta baya kana ganin tsagar nan yadda take, to a sama kawai ka shafa, kuma da ka goge da giranda babu abin da zai rage. Kada ka yarda da kyawun ido: matse guntun a bais, ka lanƙwasa shi a kan ɗinkin gaba da baya. Ƙarfen gefe ya kamata ya gaji ya yage, ɗinkin na nan.

Tunda tsukewa ce ke kawo karkata, gyaranta shi ne miƙar da wurin. Goge kan ɗigon kaɗan, tokara dunƙulen ƙarfen nan na fanel bita ta baya, ka buga guduma daidai kan ɗigon, bugu mai sauƙi, biyu ko uku. Za ka ga fatar ta saki ta dawo. A nan zan faɗi gaskiya game da tsofaffin fanel bita masu aiki da kabaid da oksijin: waldarsu ta fi ta MIG taushi, ta fi karɓar guduma, kuma wanda ya ƙware a cikinsu yana haɗa fata biyu ka rasa inda ɗinkin yake. Sai dai hannun nan shekaru ake yi kafin a same shi. In akwai irinsu kusa da kai, je ka gaishe shi ka zauna ka kalli yadda yake bugu. MIG za ta ba ka haɗi, ba za ta koya maka guduma ba.

Za ka huda, ba makawa. In rami ya buɗe, saki kunama nan take, kada ka bi shi da waya, ƙara faɗi zai yi. Bari jan ya mutu, ka ɗiga a gefen ramin, ka jira, ka ɗiga a kan wanda ka ɗiga, kana zagayawa har ya rufe. Guntun jan ƙarfe, ko bututun jan ƙarfe da ka daddake ya baje, in ka manna shi ta baya zai tare narkakken ƙarfen ya kuma sha zafi, kuma walda ba ta kama shi. Ka huda ramuka da gangan a bonet ɗinka ka yi ta cikewa. Wajen gogewa ma a kula, giranda na zafafa ƙarfe har ya yi shuɗi ya karkace, kuma tana cin gefen da ba ruwansa. Kan ɗinkin kawai za ka taɓa, da gefen faifan yanka ko faifan samfefa, kaɗan-kaɗan.

Akwai walda ta biyu da dole ka iya. A masana'anta ba ɗinki aka yi wa motarka ba. An ɗora fata kan fata an matse da wuta tabo-tabo, za ka ga 'yan zagayen nan a jere a bakin ƙofa in ka cire roba. Idan za ka cire ruɓaɓɓen daɓe, waɗannan tabban za ka huda ɗaya bayan ɗaya, fatar sama kawai. Wajen mayar da sabo, sai ka huda ramuka masu milimita 6 zuwa 8 a fatar sama, a tazarar da na asali suke, ka matse fatun biyu har ba sarari ko kaɗan, ka fara wuta a tsakiyar ramin a kan fatar ƙasa, ka zagayo har ya cika. Wuta a nan ta ɗan fi ta ɗinki ƙarfi. Kuskuren da aka fi yi shi ne farawa daga gefen ramin: zai cika ya yi kyau, amma bai kama ta ƙasa ba. Gwajinsa, sa kurfi tsakanin fatun ka ɓamɓare. In daidai ne, sai ya yago rami a ɗaya fatar ya bar maɓallin ƙarfe manne a ɗayar. In ya rabu sumul, koma ka sake. Sai ka jera goma a jere duk sun yago rami, ka kuma yi faci a tsakiyar bonet ɗin wanda hannu ba ya jin tudu ko kwari, sannan ka yaye tamfol. Ga mai zama kullum da yamma, 'yan makonni ne. Ka gwada a tsaye da kuma sama da kai, domin a mota ba kasafai aiki ke zuwa a kwance kan tebur ba.

Kafin wuta ta taɓa motar, cire kan batir. Fitar da kujeru, kafet da duk wani soso. Bi ta ƙasa ka ga inda tiyon mai, bututun birki da wayoyin lantarki suka bi. Aikin but yana kusa da tankin mai, don haka sauke tankin ka kai shi nesa, kuma ka sani tankin da ba mai a ciki ya fi cikakke haɗari, tururin ne ke fashewa. Waldar tanki kuwa ba taka ba ce ko kaɗan. Kwaltar da aka shafe ƙasan mota da ita tana kamawa ta ɗaya gefen inda ba ka gani, saboda haka ka kankare ta, ka ajiye tukunyar kashe gobara da bokitin ruwa kusa, ka sa wani ya tsaya yana duba maka. Bayan ka gama kada ka kulle gareji ka tafi, zauna rabin sa'a ko fiye kana shinshinawa. Rufe gilasai da kwali ko jiƙaƙƙen bargo, tartsatsin giranda na nutsewa cikin gilashi ba ya fita. Kada ka wanke wurin walda da feshin wanke birki, wasunsu na da sinadarin kulorin wanda zafi da hasken walda ke mayarwa guba mai kisa. Kada kuma ka yi faci da kwanon rufi ko wani ƙarfe mai ruwan tutiya. Farin hayaƙinsa na sa zazzaɓi da ciwon jiki. Kana son iska ta riƙa wucewa a wurin aiki, amma fanka ba za ta hura kan waldar ba, kuma lokacin hunturu sai ka kare da katako ko tabarma can nesa da tartsatsi, don iska kaɗan ta isa ta kwashe gas.

Motar taka, in ta Kaduna ce, daga kamfanin Peugeot na Najeriya, wato PAN, da ke Kakuri ta fito, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975 ya kuma ci gaba da 504 har cikin shekarun 2000, bayan an daɗe da daina yin ta a Faransa. Mota mai wannan shekaru a hanyoyinmu ta sha hannu. Da ka fara gogewa za ka tarar da tarihi: fila mai kaurin yatsa, faci a kan faci an ɗora bisa tsatsa, da wuraren da aka liƙe da tagulla, za ka gane su da launin rawaya. MIG ba ta hawa kan tagulla, tofi za ta yi ta fashe, dole ka yanke wurin gaba ɗaya. Tsatsa ma haka, ramin da ido ke gani ƙarami ne a kan ainihin ɓarnar. Soka sukundireba a kewaye, ka yi ta yankewa har ka isa ƙarfe mai cikakken kauri da haske. Ƙarfen da tsatsa ta sirantar ba ya ɗaukar wuta, ɓacewa yake a gaban waya. Zana facin a kwali tukuna, ka mayar kan sabon ƙarfe mai kauri ɗaya da na wurin, ka zagaye kusurwoyinsa, don kusurwa mai tsini na tara zafi. Lokacin da za ka ɓata wajen sa facin ya zauna daram ya ninka na waldar, kuma haka ya kamata.

Fara da ƙasan but, inda kafet zai rufe aikinka na fari. Sai daɓe. Gindin ƙofofi su ne na ƙarshe, saboda fata ce faffaɗa da ido ke gani. Amma ka duba da kyau ko tsatsar daɓen ta shiga dokin ƙofa, wato dogon akwatin da ke ƙarƙashin ƙofofi. 504 salun ba ta da shasi daban da aka ɗora mata bodi, jikin ne ke ɗauke da kansa, kuma dokin ƙofa na cikin ƙashin bayanta. In za a yanke shi, sai an tokare bakin ƙofa da ƙarfe an ɗiga, an tallafe motar a daidai, in ba haka ba ta sunkuya ƙofofi su ƙi rufuwa. Wannan wurin, da mazaunin shokozoba, da inda ake sa jak, da inda bel ɗin kujera ke ɗaure, kada su zama aikinka kai kaɗai a shekarar farko. Ko dai gwani ya yi kana kallo, ko ka yi yana tsaye a kanka. Rayukan iyalinka ne za su hau.

Ɗinkin da ka gama shi ne wurin da zai fara tsatsa in ka bar shi, don wuta ta ƙone duk abin da ke kare shi gaba da baya. Kashe fitila, ka haska tocila ta bayan facin, duk inda haske ya ɓullo ka ɗiga ka rufe. Goge, share da tina, ka shafa faraima mai ifoksi a ranar, kada ka kwana. Bi bakin haɗin da man toshe tsaga, sannan fenti, fila kuma in ana buƙata siririya. Cikin ƙofofi da cikin dokin ƙofa, inda burushi ba ya kaiwa, ka fesa kakin hana tsatsa ta ramukan da ke akwai, amma sai bayan ka gama duk wata walda a yankin, don yana cin wuta. Sannan ka bi gindin kowace ƙofa da guntuwar waya ka buɗe 'yan ramukan da ruwa ke tsiyayewa ta cikinsu. Ƙurar hunturu ce ke toshe su, ruwan damina ya zo ya kwanta a ciki. Ka duba robar gilashin gaba ma, domin daɓen wajen ƙafar direba sau da yawa daga sama ruwan ke sauko masa, in ba ka tare shi ba sabon facin zai bi sawun tsohon.